GIDAN TATTAKA: YADDA MANOMAN KARKARA SUKA MAI DA KARAN HATSI BANGON ƊAKI

Gabatarwa

A wani ɗan ƙauye mai suna Arthur, cikin jihar Nebraska ta ƙasar Amurka, akwai wani ginin coci da aka yi a shekarar 1928. Wanda ya hange shi daga waje ba zai ga abin da ya raba shi da sauran gine-gine ba, in ban da kaurin bangonsa, wanda ya kai kusan ƙafa biyu. Amma fa a cikin wannan bango babu tubali, babu dutse, babu bulo. Karan wani hatsi ne dangin alkama aka matse, aka ɗaure, aka jera, sa'an nan aka yaɓe ciki da waje. Ginin yana nan tsaye har yau, ya doshi shekara ɗari, an kuwa mai da shi gidan tarihi.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a yadda irin wannan gini ya samo asali, da yadda ake yin sa, da kuma yadda zaman karkara yake a cikinsa. Akwai magana ɗaya da mai karatu zai yi ta cin karo da ita tun daga farko har ƙarshe, watau maganar ruwa. Bangon tattaka da aka tsare shi daga laima yana iya wuce ran wanda ya gina shi. Wanda aka bar ruwa ya shige shi kuwa, damina kaɗan ta isa ta mai da shi taki.

Mece ce tattaka, mece ce dila?

Tattaka ita ce busasshen karan alkama, ko na shinkafa, ko na sha'ir, wanda ya rage bayan an yi girbi an sussuke. Wajibi ne a bambanta ta da ingirici da harawa. Su waɗannan abincin dabbobi ne, ana yankan su da ganye da 'ya'ya, suna da daɗi a bakin dabba da ƙwari, kuma suna saurin ruɓewa. Ita tattaka kusan babu abin ci a jikinta. Sinadaran da ke cikinta dangin na itace ne, kuma kowane sili yana da rami a tsakiya kamar bututu, cike da iska.

Dila kuwa ƙunshi ne da na'ura ta matse, kamar dai yadda ake matse dilar auduga. Dilar da aka fi yin gini da ita tana da tsawon inci 36, faɗin inci 18, da tsayin inci 14, an ɗaure ta da igiya biyu, nauyinta kuma wajen kilo 20. Watau dai wani ƙaton tubali ne mara nauyi, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka ya aza. Matsewar nan ita ce asirin abin. Tattakar da ke warwatse iska ma tana kwashe ta, amma idan aka matse ta sosai mutum zai iya tsayawa a kanta ba ta lotsa ba.

Asalin wannan gini

A yammacin jihar Nebraska akwai wani yanki da ake kira Sandhills, ma'ana tuddan rairayi. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mil 20,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar. Rairayi ne ko'ina, ciyawa ta lulluɓe shi, itatuwa kuwa sai ɗai-ɗai. Da hunturu dusar ƙanƙara ke zuba da iska mai yanka jiki, da bazara kuma rana ta ƙwalle ƙwarai.

A ƙarshen ƙarni na 19 manoma da makiyaya suka fara kwarara zuwa wannan yanki, musamman bayan dokar 1904 wadda ta ba kowane magidanci damar mallakar eka 640 idan ya zauna a wurin ya raya shi. Da isarsu sai suka tarar babu abin gini. Katako sai an kawo shi daga nesa da tsada. A sauran sassan jihar mutane sukan yanko ƙasa mai haɗe da saiwar ciyawa su jera ta a matsayin tubali, to amma ƙasar Sandhills rairayi ce, da an ɗaga ta sai ta marmashe. Ko itacen girki babu, da busasshen kashin shanu ake hura wuta. Abin da Allah ya hore wa wurin shi ne ciyawa, ga kuma na'urar matse ciyawa mai aiki da ƙarfin doki, wadda ta riga ta yaɗu a ƙasar kafin shekarar 1900.

Gini na farko da tarihi ya ajiye labarinsa shi ne wata makaranta mai aji ɗaya da aka yi a 1896 ko 1897. Da dilolin ingirici aka gina ta, ba a yaɓe ta ba, ba a kuma kewaye ta da shinge ba. Zuwa shekarar 1902 sai aka ba da labarin shanu sun cinye ta. Wannan hasara tana koyar da darasi biyu: a riƙa yaɓe bango, a kuma fifita tattaka a kan abincin dabbobi.

Da fari sun ɗauki gidajen a matsayin na wucin gadi, kafin su sami kuɗin katako. Da suka ga yadda ɗakunan ke riƙe ɗumi cikin hunturu, da sanyi-sanyi cikin bazara, sai da yawa suka yaɓe su suka ci gaba da zama. An ƙiyasta cewa tsakanin 1896 da 1945 an yi gine-gine kimanin 70 irin waɗannan a yankin, har da gidajen kwana, da makarantu, da shaguna. Bayan yaƙin duniya na biyu, da hanyoyi suka kyautatu, siminti da katako suka yi araha, sai aka watsar da wannan sana'a.

Yadda aka farfaɗo da shi

Ba a Amurka kaɗai aka gwada ba. A garin Montargis na ƙasar Faransa wani injiniya mai suna Emile Feuillette ya gina gida mai bene a wajajen 1920, ya yi masa ƙashi na katako ya cike tsakanin da dilolin tattaka. Burinsa shi ne a sami gida mai sauƙin kuɗi bayan ɓarnar yaƙin duniya na farko. Shi ma wannan gida yana nan har yanzu, ya haura shekara ɗari.

A shekarar 1973 wani masanin al'adun gargajiya ɗan Nebraska, Roger Welsch, ya buga bayani a kan tsofaffin gidajen Sandhills. Lokacin ya zo daidai da tashin farashin mai a duniya, mutane suna neman gidan da ba ya cin makamashi wajen ɗumamawa. Sannu a hankali aka koma ga wannan hanya. A jihar Kalifoniya, inda ake noman shinkafa da yawa, an kafa doka a 1991 ta rage ƙona tattaka a gonaki saboda hayaƙin da ke cutar da jama'a, sa'an nan a 1995 jihar ta fitar da ƙa'idojin gini da ita. Faransa ta tabbatar da nata ƙa'idojin a 2012. A 2015 kuma aka shigar da babi na musamman a kan wannan gini cikin kundin ƙa'idojin gina gidajen zama da yawancin jihohin Amurka suke bi.

Talakawan karkara ma sun amfana. A arewa maso gabashin ƙasar Sin, inda sanyi yake da tsanani, wata ƙungiyar agaji mai suna ADRA ta fara aiki da hukumomin ƙauyuka a 1998, kafin 2005 an gina gidaje fiye da 600, gawayin kwal da iyalai ke ƙonawa don jin ɗumi ya ragu da fiye da rabi. A Pakistan kuma, bayan girgizar ƙasa ta 2005 wadda ta hallaka mutane fiye da 70,000, an gina wa marasa ƙarfi ƙananan gidaje na tattaka. Da yake babu na'urar matsewa a ƙauyukan, sai aka ƙera akwatin ƙarfe ana matse tattakar a ciki da jak. A 2009 aka ɗora irin wannan ɗaki a kan na'urar girgiza ta jami'ar Nevada da ke Reno, aka jijjiga shi da ƙarfin babbar girgizar ƙasa, ya tsattsage amma bai rushe ba.

Yadda ake yin ginin

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce ta mutanen Nebraska, inda dilolin da kansu suke ɗaukar nauyin rufi. Wannan ta fi dacewa da ƙaramin gida mara bene, mai ƙananan tagogi. Ta biyu ita ce a fara kafa ginshiƙai da rufi, sa'an nan a cike tsakanin ginshiƙan da diloli. Ta fi cin katako, amma tana da babbar fa'ida, domin rufin yana kare tattakar daga ruwan sama tun ranar da aka fara jera ta.

Ko wace hanya aka bi, ga yadda aikin yake tafiya:

1. A zaɓi wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya. A yi harsashi na dutse ko kankare, a ɗaga shi sama da ƙasa a ƙalla inci 9, in da hali har inci 18. A shimfiɗa abin da zai hana laima hawowa daga harsashin, a ɗora katako biyu a kai, a cike tsakaninsu da tsakuwa. A kan wannan ne layin farko zai zauna.

2. A zaɓi dila busasshiya, mai launin zinariya, wadda ba ta da warin fumfuna, babu kuma ragowar tsaba a cikinta. Ƙa'ida ita ce danshin da ke cikinta kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, akwai kuma ɗan ma'auni mai tsinke da ake sokawa a gane haka.

3. A jera dilolin kamar yadda magini yake jera bulo, kowace ɗaya ta hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasanta. A kafe layukan da sandunan gora ko na itace mai ƙwari. Duk wata kafa da ta rage a cusa mata tattaka.

4. A aza katako mai ƙarfi a bisa bangon, a ɗaure shi da harsashi da ɗamara ko waya, a ja sosai har bangon ya matsu. Mutanen dā sukan ɗora rufi su jira makonni bangon ya gama zama kafin su yi yaɓe.

5. A aske fuskar bangon ta daidaita, sa'an nan a yi yaɓe shafi uku, ciki da waje, da laka ko da kwaɓin farar ƙasa da yashi, har kaurinsa ya kai inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shafin farko da hannu ake cusa shi cikin tattakar don ya kama.

Yaɓen nan ba ado ba ne. Shi ne yake ba bango yawancin ƙarfinsa, shi ne kuma garkuwarsa daga wuta da ruwa da ƙwari.

Domin mai karatu ya ga girman abin, bari mu yi lissafi. Gida mai tsawon ƙafa 30 da faɗin ƙafa 20 yana bukatar layi bakwai kafin bango ya kai tsayin ƙafa 8. Idan aka cire wuraren ƙofofi da tagogi, zai ci dila kimanin 200, watau wajen tan 4 na tattaka. Jera su ba ya ɗaukar lokaci. A ƙasashen da ake wannan gini akan tara dangi da maƙwabta su ta da bango cikin kwana ɗaya ko biyu, tamkar dai aikin gayya da muka sani a ƙauyukanmu.

Yadda zama yake a ciki

Abu na farko da baƙo yake lura da shi idan ya shiga irin wannan ɗaki shi ne shiru. Kaurin bangon yana tare ƙarar iska da kukan dabbobi da na inji. Na biyu shi ne tagogi masu zurfi, waɗanda mutum zai iya zama a bakinsu ya yi karatu ko ɗinki. Kusurwoyin bangon a lanƙwashe suke, fuskarsa kuma ba ta miƙe sak ba, abin da zai tuna wa mutum da ɗakin soro na ƙasa. Masu gidajen suna da wata al'ada, sukan bar ɗan wuri a bango ba yaɓe, su sa masa gilashi da ƙaramar ƙofa, domin su nuna wa mai shakka cewa tattaka ce a ciki. Suna kiran wannan wuri tagar gaskiya.

Babbar fa'idar gidan ita ce tare zafi da sanyi. Iskar da ke ƙunshe cikin ramukan silin tattaka ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Gwajin da aka yi a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka a 1998 ya nuna irin wannan bango ya ninka bangon katako na yau da kullum a ƙasar wajen tare zafi. Saboda haka iyalin da ke ƙasar sanyi suna iya ɗumama gida duka da ƙaramin murhun itace guda.

Sai dai a fahimci bambancinsa da bangon ƙasa. Bangon ƙasa yana shan zafin rana da yini, ya sake shi da dare. Bangon tattaka ba ya sha, tarewa yake yi, kamar kular abinci da ke riƙe zafin tuwo ko sanyin ƙanƙara. Ba ya ƙirƙirar sanyi da kansa. Idan aka bar rana tana dukan tagogi, ko aka yi rufin kwano ba silin, zafin da ya shiga ɗaki ba zai sami hanyar fita ba. Don haka a ƙasar zafi ake yi wa tagogi inuwa, a sa wa rufi abin tare zafi, a buɗe tagogi da dare iska mai sanyi ta shiga, a rufe su da hantsi.

Mazaunin karkara kuma dole ya tanadi abin da ɗan birni yake samu daga hukuma. Mutanen Sandhills sun dogara da rijiyoyi da famfo mai aiki da iska, domin akwai ruwa mai yawa a ƙarƙashin rairayin. Na yanzu sukan tara ruwan rufi a tanki, su sami lantarki daga hasken rana. Faɗin rufin da ake yi don kare bango shi ne kuma yake ƙara yawan ruwan da ake tarawa. Ana nisanta masai daga rijiya, ana kuma killace dabbobi nesa da gida, domin saniya ko akuya mai goga jiki a bango tana fasa yaɓe.

Wuta da ɓera da gara

Tambayar da kowa yake fara yi ita ce ta gobara, kuma tambaya ce mai kyau. Wuta tana bukatar iska kafin ta ci. Takarda ɗaya nan da nan take ƙonewa, amma babban littafi a rufe yakan daɗe yana babbakewa daga gefe. Haka dila take. A shekarar 2006 an yi gwaji a jihar Texas, aka hura wa bangon tattaka wuta mai tsanani a fuska ɗaya. Wanda aka yaɓe da laka ya cika awa ɗaya wutar ba ta ratsa shi ba, wanda aka yaɓe da kwaɓin siminti da farar ƙasa ya cika awa biyu. Haɗarin gaske yana lokacin gini, sa'ad da tattaka take warwatse a ƙasa, bango kuma tsirara. A wannan lokaci a riƙa share wurin kullum, a hana shan taba da aikin walda, a kuma gaggauta shafin farko. Bayan an tare, a sa wayoyin lantarki cikin bututu, a nisanta bututun hayaƙi daga bango, a share ciyawa kewaye da gida kafin lokacin gobarar daji.

Ɓera kuwa abinci da kafa yake nema. Tattakar da aka sussuke da kyau ba ta da abin da zai ci, bango mai cikakken yaɓe kuma ba shi da ƙofar shiga. Inda ake samun matsala shi ne wurin da bango ya haɗu da rufi ko da taga aka bar rata.

Gara ta fi su wuyar sha'ani, domin tana cin kara kamar yadda take cin itace, kuma tana aikinta a ɓoye. A inda take da yawa akan ɗaga harsashi sosai, a bar fuskarsa a fili, a sa faifan ƙarfe mai ɗan baki tsakaninsa da bango. Wannan ba ya kashe ta, amma yana tilasta mata ta gina hanyarta a inda ido zai gani. Sauran aikin na mai gida ne, ya riƙa zagayawa yana dubawa.

Ruwa shi ne babban abokin gāba

Magina a Ingila suna cewa gida yana bukatar hula mai kyau da takalmi mai kyau, watau rufi da harsashi. Babu ginin da wannan magana ta fi dacewa da shi kamar na tattaka. Idan danshin cikin dila ya haura wajen kashi 25 cikin ɗari, ya kuma daɗe a haka cikin ɗumi, fumfuna za ta kama, tattakar ta yi baƙi ta fara ruɓewa. Mafi muni shi ne ruwan da ya shiga ta saman bango ko ta ƙarƙashin taga, domin yana gangarawa tsakiyar dila inda iska ba ta kaiwa, kuma ba a ganewa sai ɓarna ta yi nisa.

Saboda haka ake fitar da bakin rufi a ƙalla inci 18 daga bango, a kuma yi baranda a ɓangaren da ruwan sama yake bugowa. Ba a binne bututun ruwa cikin bangon tattaka. Makewayi da madafa ana yi musu tagogin fitar da tururi. Haka nan ba a lulluɓe bangon da leda, ba a shafa masa fentin mai. Mutane da yawa sun yi wannan kuskure da nufin kare bango, alhali kuwa sun hana shi numfashi ne. Tururin girki da na wanka da na numfashin mutane yana shiga bango a hankali, dole kuma ya sami hanyar fita. Laka da farar ƙasa suna barin sa ya fita, shi ya sa aka fi son su a kan siminti zalla.

Mai irin wannan gida yana da aiki na shekara-shekara wanda ba a ɗagawa. Kafin damina ya duba rufi da indararo, ya toshe duk tsagar da ya gani a yaɓe kome ƙanƙantarta, ya sabunta shafen farar ƙasa idan ya koɗe. Bayan damina ya shinshina ɗakuna, ya duba ƙasan tagogi ko akwai tabon ruwa. Idan aka gano wuri ya jiƙe da wuri, ana iya fasa yaɓen a bar shi ya bushe, ko a ciro dilar a sa wata. Rigakafi dai ya fi magani.

Batun kuɗi

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da yake tattaka tana da araha gidan ma kyauta ne. Bango ƙaramin kashi ne na kuɗin gida. Harsashi, da rufi, da ƙofofi, da tagogi, da daɓe, duk sai an biya su kamar na kowane gini, har ma harsashin da rufin sun fi faɗi saboda kaurin bango. Yaɓe kuma yana cin lokaci da ƙarfi ƙwarai. Ban da haka, bangon yana cin fili. A gidan nan da muka yi lissafinsa a baya, daga murabba'in ƙafa 600 abin da zai rage a ciki bai kai 460 ba, watau kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a bango. Shi ya sa wannan gini ya fi dacewa da karkara, inda fili yake a wadace kuma gona take kusa. A Turai da Amurka wanda ya ba ɗan kwangila aikin yakan biya kusan daidai da kuɗin gidan da aka saba. Mai samun rangwame shi ne wanda ya yi aikin da hannunsa da taimakon jama'arsa. Ribar da ba ta yankewa kuwa ita ce ta kuɗin makamashi, shekara bayan shekara.

Abin da ya shafe mu

Wannan hanya ba ta cikin gine-ginenmu na gargajiya, amma kayanta ba baƙi ba ne a wurinmu. Mun daɗe muna jinka da ciyawa, muna zana, muna kwaɓa ƙasa da ciyawa don tubali ya yi ƙwari, maginanmu kuma gwanayen yaɓe ne. A wuraren noman shinkafa da alkama, kamar Kadawa da Bakalori da fadamun Kebbi, tattaka tana taruwa bayan girbi, wani lokaci har a cinna mata wuta, hayaƙi ya dami jama'a, ƙasa kuma ta rasa abin da zai koma mata taki.

Duk da haka akwai abubuwan da ya kamata a auna. Na ɗaya, a ƙasarmu tattaka tana da masu bukata, domin makiyaya suna ciyar da dabbobi da ita da rani. Na biyu, na'urar matsewa ba ta yawaita ba, ko da yake abin da aka yi a Pakistan ya nuna maƙeri zai iya ƙera ta hannu. Na uku, gara tana ko'ina. Na huɗu, yanayi ya bambanta: a arewa rani yana da tsawo, bango yana samun lokacin bushewa, a kudu kuwa ruwa da laima sun fi yawa, haɗarin ruɓewa ya fi girma.

Saboda haka duk mai sha'awa kada ya fara da ɗakin da iyalinsa za su kwana. Ya fara da ƙaramin ɗakin ajiya ko na kaji, ya yi shi da rani, ya bi ƙa'idojin da aka bayyana, ya sa masa ido damina biyu ko uku. Kafin ya yi gidan zama ya nemi shawarar injiniyan gini, ya kuma sami izinin hukumar tsara gine-gine ta yankinsa.

Kammalawa

Makarantar da shanu suka cinye da cocin garin Arthur a jiha ɗaya aka gina su, dukansu da diloli. Ɗaya ba ta cika shekara bakwai ba, ɗaya kuma ya doshi ɗari. Abin da ya raba su shi ne zaɓen kara, da yaɓe, da rufi, da kuma mutanen da suka ci gaba da kula da ginin. Wanda ba zai iya zagaya gidansa kafin kowace damina yana neman tsaga ba, gara ya tsaya ga bulo ko tubali. Wanda zai iya kuwa, to, ya sani cewa abin da ake ƙonawa a bakin gona yana iya zama bangon da zai tsare shi da 'ya'yansa daga rana da sanyi.